Kofin Malam Usur

"Ba zan sa ba, Baba."

Takalmin gudu ne a gabanta, an jera shi a kan tabarma kamar an ajiye wa baƙo abinci. Barewa, kamar yadda kowa ke kiranta saboda gudunta, ta faɗi maganar tana durƙushe, kanta a ƙasa, da ladabin da ko maƙiyi ba zai ce ta yi rashin kunya ba. Mahaifinta ya dubi takalmin, ya dube ta, hannunsa ya tafi neman usur ɗin da ke wuyansa.

Shi ne malamin wasanni a ƙaramar sakandaren gwamnatin da take zuwa. Shekara ashirin ba a taɓa ganin wuyansa babu usur ba, har yara da manya suka manta sunansa, kowa sai Malam Usur. Da usur yake tashin gidansa da safe, da usur yake kiran abinci. Maƙwabta sun daɗe da daina kula agogo.

Ya ce ta maimaita abin da ta faɗa, wataƙila kunnensa ne. Ta maimaita, ta ƙara da cewa ba za ta sake yi wa kofin gasar makarantu gudu ba sai ta ga sunanta a rajistar jarrabawa da idonta.

Umma da ke bakin kicin ta saki ludayi cikin tukunya.

Jiya Asabar abin ya fashe. Kawu Tela, ƙanin Umma, ya zo kamar yadda ya saba, da tef ɗin awo a wuyansa, don su yi musun da suka shekara goma suna yi. Kawu ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi, ɗaki huɗu a saman wani shago, kuma yana alfahari da ita. Ya ce makarantar gwamnati mutum casa'in ne a aji, rufin yana zuba, ɗakin gwaje-gwaje kuwa an mayar da shi ma'ajin ƙwallayen da suka sace. Malam Usur ya ce 'ya'yan Kawu kajin gidan gona ne, an cika su da Turanci amma ba za su iya korar akuya daga tsakar gida ba sai sun zauna sun huta. Kawu ya ce ba a taɓa yi wa marar lafiya allura da ƙafa ba. Malam ya ce lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita, kuma kan da ke bisa ruɓaɓɓen jiki tulu ne a kan rami.

Musu ya yi zafi. Malam Usur ya miƙe tsaye ya ce a nuna masa makarantar kuɗi ɗaya da ta taɓa riƙe kofin gudu. Doka ce, makarantar da ta ci sau uku a jere kofin ya zama nata har abada. Sun ci biyu, na uku nan da wata biyu.

"Kai ka ɗauka a banza na bar yarinyar nan ta maimaita aji?"

Barewa tana bakin ƙofa da tiren shayi a hannu. Baki shi ke yanka wuya.

Bara an ce mata na'ura ce ta cinye sunanta daga jerin masu jarrabawar fita. Ta yi kuka kwana uku. Mahaifinta ya zauna kusa da ita yana la'antar na'ura da wanda ya ƙera ta. Ƙawayenta suka wuce babbar sakandare, ita da ta saba zuwa ta ɗaya ko ta biyu ta koma benci ɗaya da yaran da a da take aika su sharar aji. Ashe gasar ta ƙananan sakandare ce kawai. Wadda ta wuce, ta wuce da ƙafafunta.

Yanzu da ta ƙi takalmi, Malam Usur bai musa ba. Ya gyara zama ya yi mata bayani kamar mai koyar da darasi. Shekara ɗaya mece ce a rayuwar mutum? Boko ba ya gudu, yana nan inda aka bar shi, ƙafa ce ke tsufa. Shi ma a zamaninsa ya yi gudu, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce ta ji, amma ba za ta sa ba.

Umma ta ja ta kicin ta ce ta yi haƙuri, mahaifinta ne, ba ƙinta yake yi ba, sonta ne ya yi masa yawa. Barewa ta tambaye ta ko ta sani tun bara. Umma ta hau goge tukunyar da ta riga ta goge.

Litinin da safe ta nemi jakar littattafanta ta rasa. An kulle ta a ɗakin gwaje-gwaje tare da ƙwallaye, mabuɗin yana haɗe da igiyar usur. Malam ya ce littattafan suna hutu, ranar da ƙafa ta koma aiki su ma za su koma. Barewa ta ari na wadda ke kusa da ita, tana karantawa lokacin hutun tara, tana kwafa a bayan tsofaffin takardun da Kawu Tela ke yanka samfurin riga da su.

Da aka ga haka sai aka fara kiranta fili daidai lokacin darasin lissafi. Ta je, don ba a ce ta ƙi kiran malami ba. Aka ce ta zagaya fili sau ɗaya. Ta zagaya, cikin silifas, tana gaida mai gadi, tana tambayar mai sayar da ruwa ya jikin mahaifiyarta. Malam Usur ya dubi agogon awonsa ya ga minti bakwai, zagayen da take yi a minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta iso ta durƙusa ta ce, "Na gama, Malam."

Shugaban makaranta ya kira ta ofis. Ɗakin babu komai sai tebur, fanka marar aiki da kabad ɗin gilashi guda ɗaya, kofin yana ciki yana walƙiya, don kullum da safe sai an goge shi, abin da ba a yi wa tagogin aji. Shugaba ya ce ta dubi makarantar nan da kyau. Ba su da laburare, ba su da malamin kimiyya, allon aji uku ya goge har alli ba ya kama shi. In masu duba makarantu suka zo, me zai nuna musu? Wannan kofin ne kaɗai ke sa a tuna da su a sama. An yi masa alkawarin kwanon rufi in suka riƙe shi.

"Kofin nan shi ne rufin ajinku, 'yata."

Ta ce sun ci shi sau biyu, kuma har yanzu in ana ruwa da bokiti huɗu suke karatu. Ya ce bakinta ya fi ƙafarta sauri, ta fita.

Hukuncin da ya biyo baya shi ne a ba ta bokitin farar ƙasa ta ja layukan fili ita kaɗai, cikin rana, tunda ba ta son gudu a kansu. Ta ja layukan, tsaf, babu karkata. Farar ƙasa ta rage. Ba ta son almubazzaranci, sai ta zana alwatika a tsakiyar fili, babba kamar ɗaki, ta sa masa kusurwoyi da lambobi, ta hau neman tsawon gefen da ya rage. Malamar Lissafi, wata siririyar mace mai gilashi da ta gaji da rubutun da ba a gani, ta leƙo ta taga. Jim kaɗan sai ga ta da yara casa'in a bayanta. Ta ce yau Allah ya ba su allo. Aka yi darasin da aka fi ganewa a zangon nan, a tsakiyar filin Malam Usur, yana tsaye daga gefe yana tauna usur. Washegari aka sa Barewa ta share alwatikan da tsintsiya, hannunta ya yi kanta.

A gida aka daina kiranta cin abinci da usur. Sai kowa ya gama a miƙo mata nata a kicin. Ƙannenta da aka hana su yi mata magana suna wucewa suna kallonta ta gefen ido. Da safe mahaifinta zai ɗauke ta a babur, da rana ya mayar da ita, ba ya ce mata uffan, sai dai ya yi wa hanya bayani a kan 'ya'yan zamani marasa godiya.

Abin da ya fi mata ciwo ba daga manya ya zo ba. Su huɗu ne a gudun miƙa sanda: Doguwa ce ke farawa, sai Bahaguwa, sai 'Yar Ƙarama, Barewa ta ƙarasa. Suka tare ta a bayan aji. Doguwa, wadda suka shekara huɗu suna raba ruwan gora ɗaya, ita ta yi magana. Ta ce an ce masu neman 'yan wasa za su zo kallon gasar bana.

"Ke kina da kai, ko yau ko gobe za ki wuce. Mu ƙafa kawai gare mu. In kin zauna, da mu kika zauna."

Barewa ta san gaskiya ce. Doguwa ba ta iya raba goma gida biyu sai da yatsu, kuma ba laifinta ba ne, shekara huɗu ana fitar da ita daga aji zuwa fili. Barewa ta ce musu su yi haƙuri. Bahaguwa ta ce haƙuri ba ya miƙa sanda.

Aka buɗe rajistar jarrabawa, mako biyu. Kowace rana Malamar Lissafi takan ɗebi yara goma ta kai su ofishin jarrabawa a ɗauki hotonsu. Kowace rana sunan Barewa yana jerin gobe. Malam Usur ya fito fili da sharaɗinsa: ta ci kofi, a kai ta da kansa. Gasar kuwa ranar Alhamis ce, ranar da za a rufe rajista ƙarfe goma sha biyu na rana.

Ranar Talata malamar ta tsayar da ita wai ta taya ta ɗaukar littattafai. Suna tafe, ba ta ko kalle ta ba, ta ce ita dai ranar Alhamis tana ofishin jarrabawa da takardun aji har a rufe ƙofa. Akwai takarda ɗaya da ta cike ta ajiye a ƙasan jaka. Mutanen can fuska suke nema su ɗauka hoto, ba sa tambayar wa ya kawo fuskar.

Laraba da yamma Barewa ta sami mahaifinta a tsakar gida yana wanke babur. Ta durƙusa ta tambaye shi, in ta yi gudun gobe, za a kai ta kafin a rufe? Ya ce gudun miƙa sanda ƙarfe goma ne, akwai lokaci har da na hutawa. In ma an makara, Shugaba zai yi magana a ƙara kwana. Ya matse tsumma, ya ƙara da cewa ko an rufe ma ba tashin duniya ba ne, ya ji an ce baɗi za a sa sabon kofi, wanda ya fi wannan girma.

Sannan ta ce, "To, Baba. Ina takalmin?"

Ya busa usur sau uku, kaji suka watse. Ya kira Umma ta zo ta ga 'yarta ta dawo hayyacinta. Ya ce a zuba mata abinci tare da kowa, a ƙara mata nama. Umma ta dubi 'yarta da kyau, ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza, amma ba ta ce komai ba. Wannan karon shirunta ya yi amfani.

Alhamis filin gari ya cika. Makarantu goma sha biyu, tutoci, ganguna, masu sayar da ruwan sanyi. Kawu Tela ya rufe shago ya zo, wai don ya ga abin da ake ci da shekarar mutum. An sa kofin a kan tebur a gaban rumfar manya. Babban baƙo bai iso ba sai goma da rabi, ya yi jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci, jawabin ya ci minti arba'in. Aka yi tsalle, aka yi jifa. Da aka haɗa maki, makarantar su Barewa da wata suka yi kunnen doki. Gudun miƙa sanda ne zai raba gardama.

Akwai agogo a saman rumfar manya. Lokacin da Doguwa ta durƙusa a layi, sha biyu saura minti ashirin da biyar.

Doguwa ta yi gudun ranta, ta miƙa sanda tana ta biyu. Bahaguwa ta riƙe. 'Yar Ƙarama ta yi tuntuɓe a kwana, ta taso, ta iso tana ta uku, fuskarta duk hawaye. Barewa ta karɓi sanda.

Wata biyu ba ta yi gudu ba, ƙafafunta kamar an kwance su daga turke. Ta wuce ta biyu kafin kwanar farko. Ta wuce ta ɗaya a miƙaƙƙen layin baya, ta ba ta tazarar da ko da babur sai an yi da gaske. Fili ya ɗauki sunanta. Malam Usur yana gudu ta gefen layi yana tsalle, Shugaba ya miƙe ya fara gyara hularsa don hoto.

A kwanar ƙarshe akwai babbar ƙofar fili, an buɗe ta saboda motar babban baƙo, wanda ba ya son cunkoson fita. Layi ya lanƙwasa hagu. Barewa ta miƙe.

Da farko mutane sun ɗauka gudun ne ya kwashe ta. Har mai sanarwa ya ce a lasifika ta dawo, ta yi kuskure. Ta ratsa tsakanin mota da mai gadi, ta hau titi da sanda a hannu da lamba a ƙirji. A bayanta usur yana ta kuka, yana ƙanƙancewa, har ta daina jin sa. An ce a cikin dubun mutanen nan mutum ɗaya ne ya yi dariya, Kawu Tela, kuma sai da aka riƙe shi don kada ya faɗo daga benci.

Daga fili zuwa ofishin jarrabawa kilomita uku ne. Ta wuce masu faci, ta wuce bakin kasuwa inda wata mai tumatir ta tambayi ko ɓarawo ake bi, ta tsallake kwata, ta bi ta tsakanin motocin da suka tsaya a danja. Ƙirjinta yana wuta. Ba a horar da ita dogon zango ba, zagaye ɗaya aka koya mata, a dawo inda aka fara.

Masinja ya tura ƙyaure ɗaya yana jan na biyu lokacin da ta sa sanda a tsakani. Malamar Lissafi tana zaune a benci da jaka a cinya. Ta dubi agogonta, ta zaro takarda daga ƙasan jaka, ta ce, "Kin makara darasi, amma shigo."

Mai hoto ya ce ta goge fuska, ta cire lamba, ta ajiye sandar nan don ba a shiga jarrabawa da makami. Ma'aikacin da ke gaban na'ura ya tambayi sunanta. Ta faɗi na gaskiya, wanda rabon da ta ji shi a bakin wani tun tana aji ɗaya. Ta tsaya a kansa har ya buga, ta karanta da idonta, na'urar ba ta cinye komai ba.

Da ƙafa ta koma gida, a hankali. Ta tarar da babur a tsakar gida, usur yana rataye a ƙusa.

Kofin ya tafi ɗaya makarantar. Shugaba ya cire Malam Usur daga wasanni ya sa shi tsaron masu makara a bakin ƙofa, kabad ɗin gilashi kuma aka zuba masa fayil. Rufin yana nan yana zuba, da bokiti huɗu kamar da. Masu neman 'yan wasa ba su zo ba, amma wannan bai sa Doguwa ta huce ba. In suka haɗu a hanya, sai ta tsallaka ɗaya gefen, Bahaguwa da 'Yar Ƙarama su bi ta. Barewa ba ta ga laifinsu ba.

Ta ci jarrabawa, ta shiga babbar sakandaren gwamnati, inda ta tarar babu malamin kimiyya har zango biyu. Kawu Tela ya zo ya ce ai ya faɗa, amma bai sami abokin musu ba, Malam ya ce kansa na ciwo. Malamin wasannin sabuwar makarantar ya ji labarinta ya aiko a kira ta. Ta je ta gaishe shi, ta ce tana da darasi. Wani lokaci in ta ji an busa usur daga fili ƙafafunta sukan motsa a ƙarƙashin tebur, ta danne su. Tana son gudu. Wannan ne abin da ba wanda ya taɓa tambayarta.

Shekara biyu ke nan. Gidan ya koma tashi da agogo, kuma sau da yawa ana makara. Mahaifinta yana ci da ita, yana tufatar da ita, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma tun ranar Alhamis ɗin nan bai sake kiranta Barewa ba, bai kuma kira ta da sunanta na gaskiya ba. In yana son ruwa tana kusa, sai ya ce da Umma a gaya wa waccan. Umma har yanzu tana cewa ta je ta ba shi haƙuri. Ta ba shi, a durƙushe, sau uku, a kan kunyar da ta ja masa a gaban jama'a. Abin da yake so shi ne ta ce ta yi kuskure, wannan kuwa ba ta ce ba. Shi ma bai taɓa ambaton shekarar da ya ci mata ba.

Sunanta a takarda ya ci mata ƙawaye uku, da gudu, da muryar mahaifinta. Sandar tana ƙasan akwatinta, ba wanda ya zo karɓa.